Rumbun Tsimin Na Allah

Na Allah taubashina ne, ɗan yayar ubana, kuma tun muna yara muke tsokanar juna a ƙauyenmu da ke kusa da Urafane. Ni in ce mashi Maƙo, shi ya ce mani Sha'ibu mai bakin ganga. Dukanmu ba wanda ya yi wa wani ƙarya.

Mutum ne gajere, mai kaurin wuya, wanda ba ya son yawo. Tasawa ma sai dole ke kai shi. Abin da aka san shi da shi a ƙasar nan shi ne rumbun tsimi. Kowane magidanci yana da rumbun da ake ci, amma shi ya gaji na biyu wurin ubanshi, wanda ake cikawa da kaka a liƙe, ba a taɓawa sai an ga gero na sabuwar shekara ya fidda kai. Ko da gidan zai kwana da kunun dusa, Na Allah ba ya buɗe shi. Matarshi Furera ta yi mita har ta gaji ta bari.

Shekarar babban fari, wadda soji suka karɓi mulki a Yamai, wannan rumbun ne ya riƙe gida huɗu, har da nawa. Na sha furarshi wata uku ina ce mashi Maƙo, yana dariya. Ƙanwarshi Hawwa, da ke aure can Kanan-Bakashe, ta zo da jaki ya loda mata. Tun daga nan danginmu suka ɗauka cewa muddin Na Allah na da rai, yunwa ba ta kashe namu.

Ni kuwa na bi cin rani Kano. A lokacin naira tana tashenta. Ka yi dako wata huɗu, ka zo wurin 'yan canji a Tasawa, su ba ka dala arba'in ta kuɗin sefa a kowace naira, ka shigo gari da rediyo da turmin atamfa kamar wani alhaji. Kaina ya kumbura, wallahi. Na fara ganin masu noma kamar marasa wayo.

Shekara goma bayan farin nan, da rani, 'yan kasuwa daga Najeriya suka shigo da kamiyo, manyan motocin kaya, suna sayen hatsi da naira. Na zauna wa Na Allah a ƙofar gida.

Na ce, "Maƙo, hatsin nan ɓera da gara kake tara ma. Saida shi ka riƙe naira. Mu ƙetara iyaka zuwa Mai'aduwa ka sayo shanun noma biyu da amalanke, can sun fi araha. Baɗi ka cika rumbu uku."

Ya ce, "Takarda ba a dama ta a sha, Sha'ibu."

Na ce, "Naira ba takarda ba ce. Ka taɓa jin ta kwana ba ta ƙara daraja ba?"

Kwana tara ina bin shi. Ya daɗe yana son shanun noma, don bayanshi ya fara ciwo, ni kuma nan na riƙa dannawa. Ran na goma ya kira mata suka yi sussuka. Buhu goma sha takwas aka auna, aka ba shi naira dubu da 'yan kai. Furera ta ƙi gaishe ni. Kuɗin ya naɗe a tsumma, ya sa a gwangwanin madara, ya aje cikin rumbun da ya kwashe, ya mayar ya liƙe, wai nan ne ma'ajiyar gidan.

Da mun tafi a satin nan, da labarin ya sake. Ni na ja tafiyar. Na ce a bari shanu su rame da bazara, su yi arha. Muna cikin jira rediyona ya faɗa mana cewa sojin Najeriya sun rufe iyaka, an sauya launin naira, kuma duk mai tsohuwa ya kai ta banki a can cikin ƙasarsu kafin kwana goma sha biyu. Mu da ko takardar shaida ba mu da ita, ta ina?

Muka fiddo gwangwanin, muka yi sammako ran kasuwar Tasawa. Dikko, ɗan canjin da nake hulɗa da shi, yana da masu bi mashi ta daji da tsofaffin kuɗi. Ya dubi gwangwanin ya ce, "Malam, dala goma a naira, shi ma don Sha'ibu ne. Jika hamsin na sefa ke nan."

Na Allah ya yi lissafi da yatsu. Ya ce mani a hankali, "Buhu huɗu ne. Mu karɓa."

A nan na yi wautar da ta fi ta farko. Zuciya ta ɗebe ni, na ce wa Dikko ɓarawo, na fizge gwangwanin. Na ce wa Na Allah ƙasa mai girma haka ba ta kashe kuɗinta a kwana goma sha biyu, dole su ƙara wa'adi, mu dawo kasuwa mai zuwa. Ya bi ni, don ni ne wanda ya san Kano. Ba a ƙara ko yini ba. Da muka koma, Dikko ya ce ko kyauta ba ya so. Na Allah ya mayar da gwangwanin cikin rumbun, ya sake liƙewa.

Damina ta zo ta yi ruwa biyu ta ɗauke. Aka yi shuka sau uku, duk ta ƙone. Kafin kaka tiyar gero ta kai kuɗin da da can ake sayen akuya. Rumbun ci na gidanshi ya ƙare, Furera ta saida 'yan kunnenta da tasoshinta, aka koma tafasa da dusa. Na Allah bai taɓa ce mani ga abin da ka ja mani ba. Na so ya zage ni, ko zan ji sanyi, amma ko Sha'ibu mai bakin ganga ya daina ce mani. Sunana kawai yake kira, kamar baƙo.

Wata ranar Talata da hantsi muna zaune a ƙofar gidanshi, sai ga Hawwa. Kwana biyu ta yi a hanya daga Kanan-Bakashe, ga goyo, ga yara biyu a bisa jaki, ga buhu biyu wayam a naɗe. Labarin sayarwar bai kai mata ba. Ta durƙusa ta gaishe mu, fuskarta har da murmushi.

Ta ce, "Yaya, na ce wa yaran nan su yi haƙuri, in mun iso gidan kawu an gama."

Na Allah ya dubi rumbun. Ya tashi ya ɗauki tsani, ya hau ya fasa liƙin rumbun a gabanta, ya shiga. Ta ware buhu ta riƙe bakinshi tana jira. Ya fito da gwangwanin madara ya aje a gabanta, ya zauna a ƙasa. Ni na yi mata bayani, don shi ya kasa.

Ta kwana biyu ta wuce Maradi da yaran, inda aka ce ana rabon abinci. Na goyen bai kai can ba.

Na Allah ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ya sake cika rumbun, da hauya da ciwon bayanshi, bai taɓa mallakar shanun noma ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, Furera ta aiko ɗanta da gwangwanin, ta ce a ba Sha'ibu, nashi ne. Yana nan ƙarƙashin gadona, ban taɓa buɗe shi ba.