Jan Tambarin da Ya Raba Ni da Taubashina

Ina da shekara arba'in da ɗaya lokacin, da butik guda a gefen kasuwar Tawa inda nake saye da sayar da salula, talabijin da na'urorin wasa waɗanda aka riga aka yi aiki da su. Ban yi lakwal mai nisa ba, karatun bokona kaɗan ne. Da faranti na fara, ina yawo da caja da murfin salula daga kasuwar Barmu zuwa ta Kalfu, har Allah ya ba ni rumfa, daga baya ya ba ni ƙofa mai kwaɗo. Ni mutum ne mai taƙama da cewa ba a yi mini wayo. In na dubi idon mai sayarwa na san ko kayan nasa ne. Na faɗi haka don mai karatu ya san ba ƙaramin yaro ya yi abin da zan ba da labari ba. Abin da na yi wasa da shi kuwa, in an lissafa, ga shi: suna guda da na shekara uku ina ginawa a wasan ƙwallo na intanet, koren tambari a gefen sunan, awa biyu a kowace Lahadi, da muryar mutum ɗaya wanda ba ya ɗaga wayar kowa daga gida.

Mutumin ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka tashi a Bambeye. Ya tafi Abijan nema kamar yadda ƴan Adar da yawa suke tafiya, yau shekara tara ke nan. Da farko yana kira, yana aiko da saƙo. Da al'amura suka ƙi masa sai ya ɗauke ƙafa. Ba fushi yake da kowa ba, na san halinsa. Kunya ce, domin duk kiran da ya fito daga gida da tambaya ɗaya yake ƙarewa, yaushe za ka zo. Gwaggo kan ba ni lambarsa in kira mata, mu zauna muna jin salula tana ringi har ta yanke, sai ta ce ƙila yana wurin aiki, ta ɗauko wata hira.

Wani ma'aikacin lafiya da aka canza wa wurin aiki ne ya sayar mini da na'urarsa, na haɗa ta da talabijin don in gwada, sai wasan ya kama ni. Ana nan wani ɗan garinmu da ya dawo daga Abijan ya gan ni da manet, abin sarrafa wasan, a hannu, ya ce ai taubashina ma yana bugawa a shagon da yake gadi, ya rubuta mini sunan da yake amfani da shi. Na aika masa gayyata ban sa rai ba. Ranar Lahadi bayan la'asar ya karɓa, kuma abin da na fara ji a kunnena bayan shekaru ban ji muryarsa ba shi ne, wai wa ya ba bawa izinin taɓa kayan manya. Na yi dariya har da hawaye. Na ce masa ɓarawon tantabarun Bambeye bai isa ya yi mini maganar izini ba. Daga ranar Lahadi ta zama tamu. Mu biyu, da wani malamin makaranta ɗan Damagaram da aka turo aiki Tawa, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu, sauran ƴan wasa kuwa baƙi ne da na'ura take cike mana gurbi da su daga ƙasashe daban-daban. A tsakanin zagi da zagi taubashina yake sakin labarinsa, wai ya canza ɗaki, wai haƙori ya hana shi barci, wai maigidansa mutumin kirki ne sai rowa. Ban taɓa tambayarsa yaushe zai zo ba. Ni kuma in na je Bambeye in kwashe duka in kai wa gwaggo. Sau ɗaya na kawo ta butik, na ɗora mata abin saurare a kan kallabi, ban gaya masa ba. Ta yi ta jin ɗanta yana cewa kaina kamar tulu, ƙafafuna kamar na jaki mai ciwo. Da aka gama ta share ido ta ce gaskiya yaron ya faɗa.

A shekara ta uku ne na lura da abin da ya zama sanadi. Duk wasan da aka gama, na'ura tana jero sunayen waɗanda kuka buga tare, ta tambaye ka yaya kowa ya kasance, yatsa sama ko yatsa ƙasa. In ka danna ƙasa sai ta kawo dalilai da Faransanci, zagi, gudu daga wasa, maguɗi, da wani mai cewa ba ka son a sake haɗa ka da mutumin. Daga nan ake sa wa kowa tambari, kore ko rawaya ko ja. Faransancina na ciniki ne, amma na gane sama yabo ce, ƙasa kushe. To wane ɗan Adar ne zai yabi taubashinsa? Na danna masa ƙasa, na gaya masa na kai ƙararsa wurin Turawa kan maguɗi. Ya ce ai shi ya riga ni, tun makon jiya ya rubuta ni a masu gudu. Abin ya zama mana sabon wasa, kowace Lahadi kowa ya zaɓo wa ɗan uwansa laifin da ya fi ban dariya. Wasu ƴan garinmu biyu da suke shigowa jefi-jefi suka rabu, ɗaya na bayana, ɗaya na bayansa, su ma suna dannawa. Don baƙi su ji daɗi kuma muka fara juya zaginmu zuwa Faransanci, ina kiransa bawana, yana kirana ɓarawo, a gaban mutanen da ba mu san ko su wane ne ba. Mushe ya taɓa ce mini in rage, wai akwai ƴaƴan mutane a layin. Na ce masa ƴan Damagaram ba su iya wasa ba.

Wata safiya na kunna na ga tambarina ya koma rawaya, ga dogon saƙon gargaɗi. Ko kaɗan hankalina bai je kan wasanmu ba, wasa ai wasa ne. Na yi tunani irin na kasuwa: in sunanka ya ɓaci, wani ne ya ɓata shi, kuma yana kusa. Wa ke da haushina? Sai Mushe, wanda na yi wa dariya ranar da ya zubar da fenariti, wanda ba ya shiga raha, wanda kuma ya iya Faransancin da zai rubuta ƙara mai kyau. Na same shi a fadar da suke shan shayi, a gaban abokan aikinsa, na ce masa in yana da magana da ni ya faɗa mini ido da ido, ya bar bi ta bayan gida. Ya ajiye kofinsa ya ce wallahi bai taɓa danna mini komai ba sai yabo. Na ce rantsuwa ba ta da wuya. Lahadin da ta biyo bai shigo ba.

Sai na tashi gyara, nan ma irin na kasuwa. A wurinmu in an taɓa sunan mutum, shaidu yake kawowa su faɗi alherinsa, sannan ya bi waɗanda ƙila ya ɓata wa ya nemi gafara. Ina da na'urori bakwai a butik, wasu har da sunayen masu su na da a ciki ba a goge ba. Da azahar na janyo ƙofa, na haɗa su ɗaya bayan ɗaya, in buga gajeren wasa da kaina, in danna wa kaina yatsa sama. Bayan haka na bi jerin baƙin da na taɓa bugawa da su, wajen mutum arba'in, na aika wa kowa saƙo guda, gaisuwa da neman afuwa da roƙon ya yi mini shaidar kirki. Na tashi daga wurin ina jin na yi dabara. Kwana biyu tambarin ya zama ja. Aka rufe mini murya, ina jin mutane ba sa jina, kuma aka daina haɗa ni da kowa sai masu ashar da masu kashe na'ura in an ci su. Ranar Lahadi na ga sunan taubashina a kunne, ina danna gayyata tana dawowa. Awa biyu ina zaune ina kallon sunan har ya mutu. Kafin wata Lahadin aka kulle nawa sunan gaba ɗaya.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne rashin wanda zan je wurinsa. A kasuwa akwai sarkin dillalai, a unguwa akwai mai unguwa, ko hukuma ce akwai ofis da ƙofa da mutum a zaune. Nan babu. Na rubuta koke sau uku, sau uku amsa tana zuwa cikin minti ɗaya, kalmomi iri ɗaya, wai na saɓa ƙa'idojin zama da jama'a. Wace jama'a? Wa na cuta? Na zargi rezo, wato layin intanet, na zargi ɗauke wutar kuran da ke fitar da ni tsakiyar wasa, har na zargi mai gyaran da ke maƙwabtaka da ni.

Da na rasa mafita na sayi shayi da sukari na tafi gidan Mushe. Ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru, wanda ya fi mini zafi da a ce ya kore ni. Ya karanta saƙonnin duka a salulata, a hankali, ya buɗe wani shafi da ban san da shi ba, inda ake ajiye ƙararrakin da mutum ya kai. Suna ɗaya ne a ciki daga sama har ƙasa. Ya nuna mini wuri huɗu inda ni da yatsana na ce ba na son a sake haɗa ni da taubashina. Ya ce na'ura ba ta san ɗan gwaggo ba, ba ta jin dariya, abin da aka danna take ƙirgawa, kuma yadda na tara masa haka shi ma ya tara mini. Ya ce baƙon da ya ji ana kiran mutum bawa ba zai tsaya tambayar dangantaka ba. Yabo bakwai daga ɗaki ɗaya kuwa maguɗi ne a wurinsu, saƙo iri ɗaya ga mutum arba'in kuma damun jama'a. Na tambaye shi to wanne ne a ciki ya kashe ni. Ya ce wallahi bai sani ba, kuma ba ya jin akwai mutumin da ya sani. Na nemi gafararsa, ya ce ya wuce, ya zuba mini shayi na biyu. Amma bai dawo wasa da ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Na buɗe sabon suna na aika wa taubashina gayyata, na rubuta masa ni ne, mai kan tulu. Wata biyar ke nan. Sunansa yana nan a mace, da jan tambari a gefe, wanda ni na ɗora masa. Ban sani ba ko an kulle shi ne kamar yadda aka yi mini, ko ya buɗe wani sunan da ban sani ba, ko yana zaton da gaske na yi, na guje shi ranar da ya zauna yana jirana. Wani lokaci har nakan ce ko ya samu sauƙi ne da ƙofar ta rufe da kanta. Salularsa tana ringi kamar da. Da farko na riƙa ce wa gwaggo rezo ne ba kyau. Da ƙaryar ta ishe ni na zauna na faɗa mata gaskiya iya yadda na gane ta. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni wane irin alƙali ne bai san taubasai ba, kuma ba a iya samun dattijo a tura masa da goro ya yi masa bayani? Na ce babu inda za a tura shi. Ta dube ni yadda ake duban mai ɓoye magana.

Har yau ban gane duka ba, amma abin da na gane zan faɗa wa ƴan uwana masu wannan wasa, musamman masu dangi a waje. Wasanmu na taubasai mai kyau ne, amma na inda aka san mu ne. Duk maɓallin da na'ura ta ce ka danna game da mutum, shaida kake bayarwa a gaban alƙalin da ba zai taɓa kiranka ka gyara maganarka ba, don haka ka faɗi gaskiya ko ka bar shi. In ba ka gane rubutun ba ka nemi mai karatu tun tambarin yana kore. Kuma in abu ya lalace kada ka fara da neman maƙiyi, ni na nema na samu mutumin da shi kaɗai ya gargaɗe ni.

In na yi lissafi yau, butik yana nan, na'urori bakwai na sayar da shida, sabon sunana kore ne shar domin ba ni da wanda zan zaga. A ɗaya gefen na rasa abokin wasa mai mutunci, na rasa labarin da nake kai wa tsohuwa a Bambeye, na rasa mutum ɗaya a duniya da yake kirana bawa in ji daɗi. Na'ura ta bakwai ban sa mata kuɗi ba, masu tayawa sun gaji. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan kunna ta in duba sunansa.