Ranar da Ukasha Ya Ce Akwai Gajiya

Ranar Litinin, 6 ga Maris 2023, ƙarfe takwas saura kwata, Ukasha ɗan Lado mahauci ya fara sa hannu a rajistar ofishinmu da ke Talata Mafara. Na ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. A lokacin gaskiya ya faɗa.

Shi ne na farko a gidansu da ya riƙe biro maimakon wuƙa. Da aka gane ya iya kwamfuta, sai aikin mutum huɗu ya taru a teburinsa, su huɗun kuma suka samu sararin yabonsa. A gida ma kowa da takardarsa, mai nema wa ɗa makaranta, mai neman aiki, duk sai Ukasha, tunda ya zama gwamnati. Abinci ya daina shiga. Layi ɗaya sai ya karanta sau biyar. Daga ƙofa zuwa teburinsa mutum goma sha ɗaya ne, kowa na tambayarsa gajiya kowace safiya. Shi dai so yake ko mutum guda ya tsaya ya ji amsar.

Ranar 14 ga Nuwamba Malam Shehu, shugaban sashenmu, ya gaishe shi yana wucewa. Ukasha ya ce, "Akwai gajiya, ranka ya daɗe. Ta yi mini yawa."

Malam Shehu ya ce madalla. Sai da ya yi taku uku maganar ta iske shi. Kafin azahar ofis ya yanke hukunci cewa yaron ya gamu da iskoki, don mai hankali ba ya amsa gaisuwa haka. Aka aika wa Lado. Ya zo kai tsaye daga mahauta, ya dubi ɗansa, ya dubi fanka.

"Kai, mi ka ɗauka da za ka gaji? Biro?"

Aka kai shi Maradun wajen wani malami, aka yi masa ruƙiya kwana uku. Rana ta huɗu malamin ya tambaye shi gajiya, ya ce babu. Aka tabbatar ya warke.

Inna Tabawa, ƙanwar mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya a Bakura, ita ce ta sake tambayarsa, ta kuma zauna ta jira. Ya yi kusan awa guda yana magana. Ta kai shi wurin likita, aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi magani da hutun wata ɗaya.

Ya dawo aiki 8 ga Janairu 2024, ya nemi canji zuwa Bakura, ya samu a Afrilu. Yana can yana aikin mutum ɗaya, yana ganin likita duk wata. Mutum huɗun nan har yau suna cewa ashe ba shi da juriya.