Gwaggo Dije da Bakin Wuta

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Zurmi ya san Gwaggo Dije, yayar babana, ba ta gama sallama a bakin ƙofa. "Salamu alai..." tana zaure, "...kum" kuwa tana gaban murhunki, ta zare itace biyu ta tsoma a ruwa. Cuu! Sai ta miƙe ta ce, "Kun tashi lahiya?"

Ba ta zama. Ni dai ban taɓa ganin ta cinye tuwo a zaune ba. Da safe sai ta taka turmi, ta leƙa ta saman katanga, tana auna gidajen mutane da hayaƙinsu.

"Ku dubi gidan Bube! Tukunya guda, icce awa ana gashin raƙumi. Wagga ɓanna ta!"

Muna dariya, amma mun san abin da ke cin ta. Ɗanta ɗaya ne, Sani, shi ke kora jaki daji yana yo wa gidajen dangi itace. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga, wanda ya shiga ba shi da tabbacin fitowa. Duk ranar da Sani ya tafi, Gwaggo ba ta ci, ba ta sha, sai zirga-zirga tsakanin zaure da bakin hanya. A wurinta duk itacen da aka ƙona a banza, Sani ake turawa daji.

Ranar sunan jikar ƙanwarta a Shinkafi, mata sun ɗora babbar tukunyar shinkafa, suka juya wajen guɗa. Kafin su waiwayo Gwaggo ta zare rabin wutar, ta kashe, ta ɗaure a ɗankwali. Shinkafa ta sauka garas-garas kamar tsakuwa. Uwar biki ta ɗora hannu a ka.

"Yaya Dije, kin kashe ni! Mi za ni ba baƙi?"

"Ba su ita. Yo haƙoran da Allah ya ba su, na ado na?"

Wallahi an cinye tas.

Da ta zo gidana a Ƙaura, inda nake aure, ban ji daɗin kwanakin ba. Ta kashe fanka, ta kashe ƙwan lantarki, ta cire cajar maigidana wai tana jin ta da ɗumi. Na ce, "Haba Gwaggo, wannan ai ba icce ba ne." Ta ce, "Dut abin da ka zahi, wani abu shika ci." Daga nan ta faɗa ɗakin girkin maƙwabciyata Maman Ngozi, ta tarar tana dafa wake ba murfi. Ta rufe tukunyar da faranti, ta jefa kanwa, ta yi mata faɗa da hannu da ka. Har yau baiwar Allah in ta ji takun silifas da sauri, sai ta rufe ko kofin shayi ne.

Maigidana ya so ya faranta mata. Ya ce, "Gwaggo, kin yi daidai. Masana sun ce hayaƙin gidaje yana ƙara wa duniya zafi."

"Duniya ta ji da kanta," in ji ta. "Ni Sani nika ji."

Da ta rasu, gida ya cika, ga girkin sadaka, ga itace ya ƙare. Na ga Sani yana ɗaura wa jaki igiya, idonsa jajur, zai tafi daji. Na shiga ɗakinta neman tabarma, na ɗaga zanen gado. Jama'a! Bakin wuta ne danƙam a ƙarƙashin gado, da bayan ƙofa, da cikin tsohon buhu, duk guntayen da ta yi shekaru tana ƙwacewa daga murhunanmu. Muka yi ta fitarwa muna dariya muna kuka. Da su aka yi girkin har aka tashi makoki. Sani ya kwance jakinsa, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ina kewarki, Gwaggo. Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya ba ki hutun da kika ƙi yi a duniya. Sani kuma yana gida, Allah ya ci gaba da tsare miki shi.