Shekarar da Na Share Gonar Baba

A farkon shekarun Shari'a ina koyar da kimiyya a wata sakandare da ke hanyar Sandamu. Darasin da na fi so shi ne na kwararowar hamada. In na kama alli sai ka ce ni kaɗai na san ciwon duniya. In zana rana, in zana hayaƙi, in ɗaga murya in gaya wa yara cewa iyayensu ne ke jawo mana fari da gatarinsu. Su kuwa bayin Allah suna ta rubutawa.

Da mahaifina ya rasu gonarsa ta dawo hannuna, kuma da ita mahaifiyata ta dogara. Na je na duba, raina ya ɓaci. Ko'ina sabara da kalgo da 'yan gawo masu tasowa, ba layi ba tsari. Na ce wannan ai jeji ne, ba gonar malamin kimiyya ba. Na sa aka tumɓuke su har saiwa, na ɗauko dashen itacen turare a bayan babur, na jera su da igiyar awo. Har ɗalibaina na kwaso su zo su ga yadda ake yaƙi da hamada.

Maƙwabcin gonarmu, wani dattijo aminin Baba, ya tsaya yana kallonmu.

"Malam, gawon nan da ka cire, mahaifinka ya yi shekaru yana kare shi daga awaki."

"Baba, zamani ya canza," na ce, har da murmushin tausayi.

"To, Allah Ya ba da sa'a."

Gara ta cinye turaren tun kafin damina. Da ruwan farko ya sauka muka yi shuka, gero ya tsiro, sai iska ta taso daga gabas ta binne shi da rairayi, don babu ko kututturen da zai tare ta. Muka sake shuka, ta sake binnewa. A gonar dattijon kuwa, gero ya tsaya kore shar a bayan kowace sabara. Ashe ma gawo da damina yake zubar da ganye ya zama taki. Wannan yana cikin littafin da nake koyarwa, ban dai taɓa kaiwa shafin ba.

Da kaka abin da muka samu bai rufe gindin rumbu ba. Kunya ta hana ni leƙa gida har mako biyu. Ranar da na daure na je, na tarar da Inna tana dama fura, ga dammunan gero jingine a tsakar gida. Na tambaya daga ina. Ta ce dattijon ne ya aiko, zakkar gonarsa. Tun da na buɗi ido daga gidanmu ake fitar da zakka, ba a taɓa kawo mana ba.

Ta miƙo mini ƙwarya ba tare da ta kalle ni ba.

"Sha, Malam. Ta zakka ce, amma ba ta ɗaci."