Gonar da Na Ƙwato Daga Nima

Shekarata tara ina ɗinki a Nima, unguwar Hausawa a birnin Ankara, lokacin da na kai yayana ƙara. Ko ƙafa ban ɗaga ba. Ina zaune kan keken ɗinkina na sa aka jawo shi gaban alƙali a ƙasar Katsina, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani ɗan garinmu ne ya sauka a tashar Tudu, muna gaisawa ya ce gonar da na gada wajen Baba wani ne ke noma ta, Yaya ne ya ba shi. Ban tambayi ko wane ne ba. Ni da zuciya kamar kananzir, kuma zaman Ankara ya sa ina ganin idona ya buɗe, na gida duk barci suke.

Na tafi wurin wani malami a unguwar Maamobi ya rubuta mini takardar wakilci da ajami. Haifaffen Zango ne, wato cikin Hausawan can, ya ajiye alƙalami ya dube ni, ya ce da irin Hausarsu:

"Massa, uwanku ɗaya da shi? To ka aika ka tambaye shi tukuna, kootu ba wasa ne ba."

Na ce masa rubutu na zo ya yi mini, ba wa'azi ba. Ya rubuta, shaidu biyu suka sa hannu, na damƙa wa wani falke da zai tafi gida, ya zama wakilina.

Wata huɗu ina cika baki a bakin shago. Ran da falken ya dawo ya same ni da mutane, na ce ya faɗa kowa ya ji.

Ya ce na ci shari'a. Yaya bai yi gardama ba, ya ce wa alƙali gona ta ƙanensa ce, ba zai ja da shi a bainar jama'a ba. Aka tashi mai noman, ana saura kwana kaɗan a yi shuka.

Na yi dariya, na ce dama wane ne shi?

Falken ya sunkuyar da kai. Ya ce ɗan Inna ne. Inna maƙwabciyarmu ce, ita ta shayar da ni tare da ɗan nata bayan mahaifiyarmu ta rasu ina jariri. Ta makance, nasu filin kuma rafi ya cinye, shi ne Yaya ya ba su aron gonata su riƙa ci. Yaya ya ce ya san ko ina nan abin da zan yi ke nan.

Na rasa inda zan sa idona, sai na kama murza keken, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura.

Na aika a mayar musu, na haɗa da ban haƙuri. Inna ta ce ta yafe, amma ba za ta ci abin da sai da alƙali ya shiga ba. Ba ta kai wata damina ba.

Falken ya kuma kawo mini saƙon Yaya a cikin buhu: fartanyar Baba ce. Babu takarda, sai magana ɗaya, wai gonata tana nan, ciyawa ta kai gwiwa, in zo in nome abata.

A gidan hayarmu na Nima ko wurin shanya sai an yi layi, balle wurin shuka. Na tura fartanyar ƙarƙashin gado, kullum matata ta zo shara sai na ji ƙarar ƙarfen.