Kwanon Gyara

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta shekarar da ɗaliban nan suka zo unguwarmu ba. Lokacin ina sayar da shinkafa da wake a bakin hanyar duwan, wato ofishin kwastan, kuma 'yan kabu-kabun Malanville da yawa a wurina suke karyawa. Rumfar da ke manne da tawa ta maƙwabciyata ce, wadda ni na koya wa sana'ar, har tukunyar farko ni na ara mata.

Wata safiya 'yan jami'a uku suka tsaya a gabana da littattafai. Suka ce an turo su su zauna wata biyu da masu ƙananan sana'o'i, su koya, su kuma taimaka. Ina ganin littafi na ɗauka masu karɓar haraji ne. Na ce, "Ku tahi gaba, ba ni da lokacin surutu." Suka yi taku biyar, suka zauna wurin maƙwabciyata.

Nan fa ciwon ya fara. Kullum ina kallon su suna wanke mata kwanuka, suna yanka albasa, suna ce mata Inna. Kafin wata guda ta canza rufin rumfa, ta ƙara benci. Kishi ya ci ni ƙwarai. Ina juya wake ina cewa a raina, wannan da ko gishiri ba ta iya sawa ba sai na nuna mata?

Girman kai ya hana ni tambaya, sai na koma leƙe. Na ga sun kawo mata ludayi ɗaya, da shi take auna wa kowa daidai. Na ce ashe sirrin ke nan, sun hana ta gyara, ɗan ƙarin da muke zuba wa mai saye bayan an auna masa. Washegari na daina gyara ɗungurungum.

Wani ɗan kabu-kabu da ya shekara biyar yana ci a wurina ya miƙo kwano yana jira. Na ce, "Mi kake jira? An gama." Ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ashe mun zama baƙi." Cikin mako guda babura suka koma ƙofarta. Ragowar shinkafata nake kwasa in kai gida da yamma, har na fara tunanin rufe rumfar.

Ranar da ɗaliban za su tafi, maƙwabciyar ta kamo hannuna, ta kai ni bayan tukunyarta. Ga wani kwano a rufe, wanda ba a hango shi daga rumfata. Ta ce, "Yaya, gyara tana nan, ga ta. Kullum da sahe nike ware ta, in ta ƙare ta ƙare." Ɗalibar da ke cikinsu ta ce su ma da farko sun so a daina, maƙwabciyata ce ta ce wanda aka hana wa gyara ba ya dawowa. Sai ta ƙara da cewa, "Wurinki muka fara zuwa, Inna, don da muka tambaye ta tun kafin mu iso rumfarki, ita ta ce ke kin fi ta sanin aikin."

Kunya ta rufe ni. Na sa kwanona washegari, amma sai da na yi wata uku kafin benci ya sake cika. Tun ranar na gane mai leƙe da kishi rabin abu yake gani, kuma rabin nan ne ya kusa rufe mini rumfa.