Neman Habu Mai Fiyano a Jidda

Kaduna zuwa Kano

Na bar Kaduna kafin kiran assalatu, a shekarar 1998, da niyyar umra da kuma wani saƙo. Ɗanladi, mawaƙin tsohuwar ƙungiyarmu ta kiɗan rok, yana kwance, ciwon hanta ya ci ƙarfinsa. Ya roƙe ni in zo masa da Habu mai fiyano, ko sau ɗaya su sake waƙa tare. Ni ne mai jitar ƙungiyar. Habu kuwa tun da ya tafi hajji a 1981 bai dawo ba, daga nan muka watse.

Direbanmu bai wuce shingen 'yan sanda ko ɗaya ba sai da ya sauka aka gaisa, kamar gidan surukansa. Da ƙyar na sami jirgin.

Hindawiyya

Bayan na gama umra a Makka na dawo Jidda, na sauka a unguwar Hindawiyya wurin Hajiya Indo, wata Bakatsiniya mai sayar da abinci. Tuwonta ba laifi, miyar ce dai ta zama Balarabiya. Ta ce ba ta san wani mai fiyano ba, sai dai Abubakar mai gyaran firji a unguwar Khumra, shi ma ɗan Kaduna ne. Da safe na hau motar leburori na nufi kudu.

Khumra

Shi ne kuwa. Na same shi a wani shago tsakanin ɗakunan ajiyar kaya, sumar nan da yake tajewa kamar kwando duk ta zube. Muka ci shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Ya ce har yanzu yana kiɗa a gidajen biki, amma da yake taron mata ne, a wani ɗaki ake rufe shi, a ja waya zuwa lasifika. Ba ya ganin masu rawa. In suna son a sauya kiɗa, sai wata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Mutumin da a da yake hawa kujera a gaban jama'a! Ya ba ni tausayi.

Na isar da saƙo. Ya ce ba shi da iƙama, wato takardar zama, hanyarsa ɗaya ce ya miƙa kansa a kore shi, kuma wanda aka kora ba ya dawowa. Matarsa da 'ya'yansa mata uku duk a nan suke.

"Halas, shi ke nan, Sani. In na fita, na fita ke nan. Wa zan bar wa yaran?"

Raina ya ɓaci. Ya jawo fiyanonsa daga ƙarƙashin tamfol, ya sa kaset a rikoda yana ɗauka, ya buga tsohuwar waƙarmu. Jefi-jefi yakan saki kiɗan, hannun hagu kawai ke tafiya a hankali. Na ɗauka tsufa ne. Da ya gama ya ba ni kaset ɗin in kai wa Ɗanladi.

Gida

Daga tasha gidan Ɗanladi na wuce da jakata. Ya duba bayana, bai ga kowa ba, bai kuma tambaya ba. Na kunna kaset ɗin. Da aka zo inda kiɗan ya lafa, sai ya ɗaga kai daga matashi.

"Nan ne nawa. Ya bar mini wurina."

Ya shiga waƙar daidai kan gaɓa, muryar da ƙyar take fita, ya kai ta har ƙarshe. Ya rasu bayan ƙaramar salla.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Hajiya Indo kuma, Allah ya saka mata da alheri.